Mai Ludayi ta Bayan Gidan Abinci

Ludayin da ke rataye a jikin ginshiƙin rumfata ni na ƙera shi, amma ba nawa ba ne, na matar yayana ne. Mariƙinsa ya yi tsawon mutum a tsaye, bakinsa ya yi faɗin faranti, na bi shi da ƙusa na huhhuda don ruwa ya tsiyaye, abin da ake nema ya zauna. Masu kawo mini gyaran bokiti sukan tambaya wace irin tukunya ake juyawa da wannan. Sai in ce musu ba tukunya ba ce, rami ne. In mutum ba ya sauri, in tura masa benci ya ji sauran.

Sana'ata liƙi ce. Ina liƙe bokiti da buta da tukunyar da ta huje, da dalma da garwashi, shi ya sa ake ce mini Mai Dalma. Rumfata tana wani siririn layi a bayan wani babban gidan abinci. Ta gaba gidan gilashi ne da fankoki da kujeru masu laushi. Ta baya kuwa, inda muke, ƙofar kicin ce ta ƙarfe, da buhunan gawayi, da kuliyoyi. A gefena akwai shagon Mai Aski, gaba kaɗan inda layin ya yi kwana akwai shagon Tela.

A gindin bangon kicin ɗin akwai wani rami na siminti mai murfin ƙarfe. Duk ruwan wanke-wanken gidan ta cikinsa yake bi. Wanda ya gina shi ya raba shi ɗaki uku, ya bar kafa a ƙasan kowace katanga. Ruwa ya fi maiƙo nauyi, sai ya wuce ta ƙasa, maiƙo kuwa ya taso sama ya maƙale, ba shi da hanyar fita. Daga ɗaki na uku ruwan ke shiga wani bututu da aka binne, ya bi ƙarƙashin layinmu, ya yi kwana a ƙofar Tela, ya faɗa babbar kwata. Dabara ce mai kyau, sai dai rami ba ya kwashe kansa.

Shekarar da yayana ya rasu ya bar wa matarsa 'ya'ya huɗu, ni na je na roƙi Maigida, wato mai gidan abincin, ya ɗauke ta wanke-wanke. A lokacin ba mai buɗe ramin nan sai ya cika ya yi amai, sannan a nemo 'yan ƙwadago su ɗaure hanci su kwashe su kai bola. Ta gani sau ɗaya, ta gani sau biyu. A na uku ta zo rumfata ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Ƙanen miji, kai da ka zauna kana gadin ƙudaje, tashi ka ƙera mini ludayi."

Na ce, "Na miya?"

"Na rami. Arziki nake gani ana turawa bola a baro."

Mahaifiyarta mai yin sabulu ce, a hannunta ta koya tun tana ƙarama. Daga ranar da na miƙa mata ludayin nan sunanta ya ɓace a layi. Kowa Mai Ludayi yake cewa, ni kaɗai na ci gaba da ce mata Yaya.

Da sanyin safiya take zuwa, kafin a hura wuta a kicin. Ba don son sammako ba, dalili ne da shi. Maiƙon da ya kwana a rami ya huce, ya daskare a saman ruwa kamar bargo. Sai ta shimfiɗa buhu ta durƙusa, ta sa ludayi ta yaye shi a hankali, ɗaki na fari, ɗaki na biyu. Ɗaki na uku kuwa leƙawa kawai take yi. In ta ga ruwansa garau, sai ta gyaɗa kai ta mai da murfi. In ta ga ko ɗigon maiƙo yana yawo a ciki, ranar Kuku da masu wanke-wanke sun shiga uku, don ta san wani ya karya mata doka.

Dokarta ba ta da yawa. A kankare faranti a bokiti kafin a tsoma shi a ruwa. Man suyar da ya mutu a juye shi a jarka, kada ya ga rariya. Babbar cikinsu kuwa, wadda a kanta take iya ɓatawa da kowa, ita ce kada a kuskura a zuba tafasasshen ruwa a rariya.

Takan ce, "Maiƙo ɓarawo ne. Yana barci ake kama shi. Ka ɗumama shi, ka ba shi ƙafa."

Abin da ta kwasa takan tura shi gida a baro. Ta tace da buhu, ta dafa shi da ruwan gishiri har sau uku, sai warin albasa da na kifi ya fita sarai. Sannan ta haɗa da soda, ta yi ta juyawa har ya kama jikinsa, ta zuba a farantan kwano da na lanƙwasa mata, ta yanka da waya, ta shanya. Sabulu ne mai ruwan ƙasa, ba kyan gani, amma kanikawa da masu wanki da guga ba sa wuce shi. Ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. "Na wanki ne da goge daɓe," take cewa. "Kada ki wanke jariri da shi ki ce ban faɗa ba." Da wannan sabulu yaran nan huɗu suka tashi.

Akwai ranar da wani mai ƙaton tumbi ya tare ta a bakin layi, ya ce ta riƙa sayar masa da maiƙon ɗanye, shi ya san yadda zai tace shi ya koma kasko. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta debo cikin ludayi ta miƙa masa a baki. "Bismilla, fara ɗanɗanawa, in ya yi maka sai mu ba 'ya'yan mutane." Bai sake biyowa ta layinmu ba.

Haka aka yi shekara ashirin da bakwai. A tsawon wannan lokaci bututun nan bai taɓa tari ba, har mutanen layi suka manta akwai shi.

Sai ƙafafun Maigida suka gaza, ya kira ƙaramin ɗansa ya dawo ya riƙe gidan. Shi wannan ɗan ya yi shekaru yana aiki a wani babban otal a wani gari, ya dawo da ƙaramin gemu da agogo mai sarƙa. Ya ce a riƙa kiransa Manaja. Kowa ya bi, ban da Yaya, wadda ta goya shi a bayanta tana wanke kwanuka lokacin da uwarsa ke kan tukunya. Ita dai Auta take kiransa.

Zan faɗi gaskiya, ba mugu ba ne, kuma ba rago ba ne. Ya gyara rufin kicin da ya shekara goma yana yoyo. Ya saya wa masu aiki takalman roba. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a wuya: idan aka buɗe ramin da safe, wari yakan zagaya har wajen gilashi na ɗan lokaci, kuma ba ya son ganin tsohuwa da baro tana fita ta bayan gidansa. Wata safiya ya sa aka sauke buhuna biyu na wata shuɗiyar hoda a bakin ƙofar kicin, ya sa Kuku ya ɗora ƙatuwar tukunyar ruwa a wuta. Ina rumfata, komai a kan idona.

Ya ce, "Baba, daga yau kin huta. Kullum in an tashi aiki za a zuba gwangwani biyu na wannan a rami, a bi shi da tafasasshen ruwa. Shi ke nan, ba maiƙo ba wari."

Ta ɗebi hodar da bakin ludayi ta shinshina, ta ɗan taɓa da jiƙaƙƙen yatsa, ta yi maza ta goge a zaninta.

"Auta, soda ce wannan aka yi mata kwalliya."

"Manaja."

"To, Auta Manaja. Na ce soda ce."

"Ko ma mece ce, da ita ake aiki a manyan wurare."

"In ka zuba, ina maiƙon zai tafi?"

"Zai narke."

"Narkewa ai ba mutuwa ba ce, ɗan nan. Ka taɓa ganin kitsen da ya narke bai sake daskarewa ba? Nan zai bari ya tafi gidan maƙwabta."

Ya yi dariya irin ta wanda ya yi karatu. Ya ce ta karɓi gwangwanin ta zuba da hannunta don masu aiki su gani su koya. Ta mai da hannuwanta baya.

"Hannun nan bai taɓa ba maiƙo ƙafa ba, ba zai fara da tsufa ba."

Kuku ne ya zuba, yana zubawa yana kallon ƙasa. Tururi ya tashi, ramin ya yi ta ɓararraka. Kwana uku ana haka, a na huɗu Manaja ya sa aka ɗaga murfi, ya kira ni, ya kira Mai Aski da Tela mu zo mu gani. Wallahi ramin ya yi fes, har simintin ƙasa ake hangowa, abin da ban taɓa gani ba. Tela ya ce, "Kai, zamani!" Mai Aski ya tafa. Ni ma, kada in ɓoye, zuciyata ta ɗan karkata.

A ranar aka sallame ta. An yi mata sallama ta mutunci, har da turmin zane, ta bar shi a kan buhun gawayi ba ta ɗauka ba. Ludayinta kawai ta saɓa ta tsallako rumfata.

"Matsa, ƙanen miji. Ka yi baƙuwa."

"Har yaushe?"

"Har ɓarawon ya gaji da gudu."

Na ɗauka fushi ne na kwana biyu. Ina! Kullum da sanyin safiya sai ga ta, lokacin da ta saba zuwa ba ta ƙara ba ta rage. Ta zauna a bencina tana fuskantar ƙofar kicin, ludayi a kan cinya. In Manaja ya fito ta ce, "Auta, an tashi lafiya? Ya baƙinmu na ƙarƙashin ƙasa?" Shi kuma ya yi kamar bai ji ba. Mai Aski yakan tsokane ta, "Mai Ludayi, ko in kawo miki gashi ki kwasa, kada hannu ya manta?" Ta ce, "Ajiye abinka, kai da kanka za ka zo nemana, ka naɗe ƙafar wando."

Wata biyu da 'yan kwanaki aka yi. Tela ne ya fara gani. Ya zo da safe ya tarar daɓen shagonsa ya jiƙe ta gindin bango. Ya goge, ya sake jiƙewa. Washegari ruwa ya tsattsafo ta tsakiyar layi, fari-fari mai yauƙi, da wani wari da ya fi na ramin sau goma. A kwana na uku ya shiga shagon sosai, ya taɓa yadukan mutane da ke ƙasan tebur, ya tsatsar da ƙafar keken ɗinkinsa. Mai Aski ya naɗe ƙafar wando kamar yadda aka faɗa masa, amma ba wanda ya yi dariya, don ba mai zama a yi masa aski a cikin wannan ɗoyi.

Mutane suka taru a ƙofar kicin suna hayaniya. Manaja ya fito ya tsaya a kan dakali, ya sa aka ɗaga murfin ramin.

"Ku duba da idonku," ya ce. "Nawa aikin ke nan, tsaf. Abin da ya toshe bututun nan ba na yau ba ne. Shekara ashirin da bakwai ana wasa da ludayi, ana kwashe na sama ana tura na ƙasa. Ga mai aikin can a zaune. Ni gadon ɓarna na tarar."

Duk layi ya juya ya dubi rumfata.

Maganar ta shiga, don ido ya ga rami fes, kuma wata biyu ba ya kama da abin da zai toshe ƙaton bututu. Tela, wanda shekara da shekaru ita ke ba matarsa sabulu kyauta, ya daina amsa gaisuwarta. Wata mai wanki ta dawo mata da sabulun da ta saya, ta ce ba ta wanke kayan mutane da abin da ya kori layi. Kafin kwana biyu an canja mata suna. In ta wuce sai ka ji ƙasa-ƙasa, "Ga Mai Toshe Layi nan."

Korar aiki ba ta taɓa ta ba, na shaida. Wannan sunan ne ya taɓa ta. Babbar 'yarta ta zo har rumfata tana hawaye.

"Inna, don Allah ki tashi mu tafi gida. Me kika rasa? Ki bar musu layinsu."

"In na tashi yau, da sunan nan za a binne ni. Jikokina su ji an ce kakarsu ce ta cika wa mutane shago da ƙazanta? Koma gida ki ɗora tukunya. Ina nan."

'Yar ta juyo gare ni. "Baffa, ka yi mata magana mana."

Na ce, "Yayana ma bai iya ba, sai ni?"

Tela ya kai ƙara, aka turo duba-gari, wani dogo mai littafi a hammata. Ya ce a tone. Manaja ya kawo mai gyaran famfo da masu diga, suka fasa layi daga kusa da rumfata har kwanar Tela. Wajen azahar suka ciro bututun. Mutum huɗu ne suka ɗaga guntun da ke wajen kwanar, suna nishi, don ya yi nauyi kamar an cika shi da dutse. Manaja ya ce a jefa shi a motar kwasar ƙasa a tafi da shi, ga sabo nan ya saya, a binne a wuce wurin. Duba-gari bai ƙi ba, shi dai ruwa ya wuce.

Ban ga tashinta ba. Sai dai na gan ta ta ratsa taɓo da tsofaffin silifas ɗinta, ta je ta zauna daram a kan bututun nan, ta dogara ludayi a ƙasa kamar sanda.

"Ba inda za shi."

Manaja ya ce, "Baba, tashi, kada ki ba da mu."

"Ai an riga an ba da ni. Ranka ya daɗe mai duba gari, an ce ni na cika wannan. To a yanka shi a gaban jama'a. In nawa ne a ciki, da bakina zan faɗa, in bar layin nan har abada."

Duba-gari ya dubi agogo. "Iya, maiƙo ai maiƙo ne. Wa zai gane na wane?"

"Uwa ba ta ɓata ɗanta a kasuwa. A yanka."

Mai gyaran famfo ya dubi Manaja, ya ce shi bai zo da zarto ba. Masu diga suka ce su haƙa aka ɗauko su. Ni mutum ne da ba na shiga abin da ba a sa ni ba, layin nan kowa ya san haka. Amma ta juyo ta dube ni da irin kallon da yayana yakan yi mini in na tsaya nawa. Na shiga rumfa na ɗauko zartona na ƙarfe.

Na daɗe ina yanka. Hannu ya tsufa, abin da ke ciki kuma yana riƙe haƙoran zarto. Da guntun ya faɗi, ta sa aka juya bakinsa sama, kowa ya matso yana toshe hanci.

A jikin bututun ta ciki, a zagaye, akwai wani baƙin layi siriri, bai fi kaurin farce ba. Daga nan har tsakiya kuwa wani abu ne fari mai shuɗi-shuɗi, daskararre, ya cike ko'ina, saura 'yar kafa da ko yatsa ba ya shiga.

Ta sa farce ta kankari baƙin layin, ta ɗaga kowa ya gani.

"Wannan nawa ne, ban musa ba. Shekara ashirin da bakwai ke nan." Ta buga bakin ludayi a kan shuɗin, ya yi ƙara kamar katako. "Wannan kuma wata biyu."

Ta ɓantaro dunƙule guda. "Mai Aski, kawo ruwa a kofin askinka. Tela, miƙo tsumman da kake goge keke."

Tela ya miƙa yana kau da kai. Ta jiƙa tsumman, ta goga dunƙulen nan a kai, ta cuɗa. Kumfa ta tashi fara sol har tana zuba ta tsakanin yatsunta. Wata mata ta ce, "La ila! Sabulu ne!"

Manaja ya yi caraf. "To kun ji! Wa ke yin sabulu a layin nan?"

"Mu biyu ne, Auta. Ni ina dafa nawa a tukunya a tsakar gidana. Kai ka dafa naka a ƙarƙashin shagon Tela. Maiƙo, da soda, da ruwan zafi, ai haɗin ke nan, ba a ƙara komai. Ya fita daga raminka da gudu yana zafi, ya zo kwana ya huce, ya kwanta. Kullum gwangwani biyu." Ta ciro guntun nata sabulun daga ƙullin zaninta ta ajiye kusa da dunƙulen. "Wa ya taɓa sayen shuɗi a hannuna?"

Duba-gari ya sa aka kawo masa hodar a gwangwani. Ya dubi hoda, ya dubi cikin bututu, ya buɗe littafinsa ya yi rubutu mai ɗan tsawo. Da ya gama ya ce kada a sake zuba wannan a ramin, kuma a nemi mai kwashewa da hannu kamar da. Mai Aski ya ce, "A nema? Ga ta zaune a kan shaida!" A nan ne aka yi dariyar farko cikin kwana biyar.

Ni na ɗauka magana ta ƙare. Da yamma Maigida ya aiko Kuku, ya ce a ba ta haƙuri, gobe ta dawo bakin aikinta. Ta ce a gaishe shi da jiki, amma ba da shi take ba.

"A kan dakalin can aka ɓata ni, da rana tsaka, layi cike. A can za a wanke ni."

Kwana uku Manaja bai fito ta ƙofar baya ba. Ramin kuwa, da aka daina zuba hoda, ya fara tara abinsa, ba mai taɓawa. Kuku ya gwada da kwano ya ɓata rigarsa. A rana ta huɗu da sassafe, layi ba kowa sai ni da ita da kuliyoyi, Manaja ya tsallako ya tsaya a bakin rumfata, ya sunkuyar da kai.

"Baba, na yi kuskure. Ki yi haƙuri."

"Na ji, na kuma yafe. Amma kuliyoyi ba su suka ce mini Mai Toshe Layi ba. Je ka sha shayi, ka dawo in an buɗe shaguna."

Na ce a raina ba zai dawo ba. Ya dawo. Da hantsi, Tela na kan keke, Mai Aski na wasa aska, masu wanki na wucewa da ƙullin kaya, ya hau dakalin nan ya ce shi ne ya toshe bututu da hodarsa, ba Mai Ludayi ba.

Ta sa hannu a bayan kunne. "Ɗaga murya, Auta. Kunnen Tela ya yi nauyi kwanan nan, ko gaisuwa ba ya ji."

Ya maimaita da ƙarfi, har da cewa shekara ashirin da bakwai ba ta taɓa bari layi ya jiƙe ba. Keken Tela ya tsaya. Sai ta miƙe, ta gyara ɗaurin zani, ta saɓa ludayi ta tsallaka.

"Kama murfin nan ta can, Manaja. Bayana ba na jiya ba ne."

Ranar ce kaɗai na ji ta kira shi da wannan suna zalla, ba ta haɗa da Auta ba. Ya kama, suka ɗaga tare, warin ya buge shi, bai saki ba.

Tela bai taɓa ba ta haƙuri da baki ba, wasu mutane haka Allah ya yi su. Bayan mako guda dai ya aiko matarsa da rigar aiki ta leda mai aljihu biyu, daidai jikinta, ba tare da ya auna ta ba. Ta karɓa ta ce ɗinkin ya karkace, ta kuma sa ta kullum har ta yage.

Ta ƙara shekara huɗu a bakin ramin, sannan gwiwa ta ƙi durƙuso. Ta koya wa matar Kuku aikin, daga kwasa har yankan sabulu. Ita wannan gajeriya ce, sai da na ƙera mata wani ludayin daidai hannunta, shi ya sa tsohon ya dawo wurina. Zoben bututun da na yanka kuwa yana nan rataye da waya a saman rariyar kicin. Manaja ne ya rataye shi da kansa, duk sabon mai wanke-wanke sai an kai shi gabansa kafin a ba shi soso.

Yanzu tana gidan babbar 'yarta, ba ta fita sosai. Nakan je duba ta ranar da aiki ya yi sauƙi. Kafin in gama cire takalmi, kafin ta tambayi iyali, sai ta ɗago daga kan tabarma.

"Ƙanen miji, ka leƙa ɗaki na uku?"

In ce na leƙa.

"Garau?"

In ce garau.

"To zauna. A kawo masa ruwa, tsohon nan ya sha hanya."